Bulon Siminti, Tubali ko Matsattsen Bulo: Da Wanne Za Ka Ɗora Gininka?

Duk wanda ya sayi fili a Kano, Katsina ko Maraɗi, shawarar farko da zai ji daga maƙwabta ita ce ya fara tara bulo. Bulon siminti suke nufi, domin an kai matsayin da mutane suka ɗauka shi kaɗai ne ginin mutunci, ginin ƙasa kuwa na wanda bai samu ba ne. Kafin ka zuba kuɗinka a gidan bulo, ka tsaya ka auna abu uku: nawa kayan za su ci yau, wane zafi za ka sha a cikin ɗakin a watan Afrilu, da kuma me ginin zai ci maka na gyara nan da shekara 20.

Bulon siminti yana da hujjarsa. Ana samunsa a kowace unguwa, inci 6 da inci 9, kowane birkila ya iya shi, kuma ba ya tsoron damina. Matsalarsa ta farko farashi ne da ba ka da iko a kansa. Simintin daga Obajana, Ashaka ko Kalambaina ta Sakkwato yake fitowa, kuɗin mai da na tirela duk a kanka suke ƙarewa, kuma a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a jihohi da dama. Ta biyu ita ce ha'inci. Magina na ƙwarai ba sa son buhu ɗaya ya wuce bulo 25 zuwa 30 na inci 9, amma akwai masu buga fiye da 40, su shanya shi a rana ba ban-ruwa. Idan ka je saye, ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri. Wanda ya wargaje kamar garin kwaki, ka ƙara gaba. Ta uku zafi: bango ne marar kauri mai rami a ciki, rana tana ratsa shi da wuri, shi ya sa ɗakin siminti mai rufin kwano ba ya shiguwa da azahar sai da fanka, ga wutar kuma ba tabbas. A ɓangaren muhalli ma yana da nauyi, domin masana'antar siminti ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da ke ɗumama duniya, ban da yashin da ake kwashewa daga rafuka har gaɓa ta zabtare.

Tubali kuwa ba baƙo ba ne. Ƙasa ce da ruwa da ciyawa ko harawa, a kwaɓa, a bar ta ta tsima, a mulmula, rana ta busar. Ba a ƙona komai, ba a ɗauko komai daga nesa, kuma ranar da ginin ya tsufa ƙasar tana komawa inda ta fito. Kaurin bangon ne sirrinsa: yana shanye zafin rana a hankali, ya sake shi cikin dare, sai ka ga ɗaki da sanyi lokacin bazara, da ɗumi lokacin hunturu. Masu cewa ba ya ƙarko su je Agadas su ga hasumiyar masallacin da aka fara ginawa a 1515, mai tsawon mita 27, ko su duba bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa masu riƙe rufi, da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19. Sai dai waɗannan gine-gine sun rayu ne saboda ba a daina yi musu yaɓe ba. Kakanninmu suna shafe gini da makuba ta ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma suna hawa soro kafin kowace damina su toshe tsaga su gyara indararo. Yau masu wannan ilimi sun yi ƙaranci, mai gida kuma yana ofis ko kasuwa. Wanda ba zai iya wannan hidima ta shekara-shekara ba, kada ya yaudari kansa. Idan kuma filinka a kwari yake ko kusa da fadama, tubali ba naka ba ne. Ambaliyar 2022 a Jigawa ta nuna yadda bangon ƙasa ke narkewa daga gindi idan ruwa ya kwana a jikinsa.

Kuskure ɗaya da ya yawaita: a gina da tubali, a lulluɓe shi da filastar siminti mai kauri don ya yi kama da gidan bulo. Siminti da ɗanyar ƙasa ba sa riƙe juna sosai. Danshi yana shiga ta tsaga ya maƙale a baya, ƙasar ta ruɓe ba ka gani, wata rana filastar ta ɓanɓaro gaba ɗaya.

Jan bulo na gashi yana da ƙarfi da kyau, ba ya buƙatar fenti. Amma na gargajiya da itace ake gasa shi, kuma a yankin da hamada ke matsowa kowace shekara, ban ga hujjar kiran sa mai sauƙi ga muhalli ba. Na masana'anta ya fi daidaito, ya fi tsada.

Wanda nake ganin ya kamata mai gini ya fi bincika shi ne matsattsen bulon ƙasa. Jar ƙasa ko burji ake tankaɗewa, a zuba mata siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa, a matse a inji. Akwai injin hannu, akwai mai amfani da dizal irin na Hydraform, kuma cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera nata. Wani samfurin yana da harshe da rami da ke shiga juna, ba ya buƙatar kwaɓin siminti tsakanin layi sai a 'yan wurare, kuma idan aikin ya yi tsabta ba sai an yi filasta ba. A nan ragin kuɗin yake, a siminti da filasta da fenti, ba lallai a farashin bulo ɗaya ba. Ba kuma gwaji ba ne: da irinsa masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a Nijar, aka kammala a 2018, haka ma rukunin gidajen Niamey 2000. A Burkina Faso, makarantar firamare ta Gando da mai zanen gini Francis Kéré ya gina da bulon ƙasa a 2001 tana nan ana karatu a cikinta.

Inda ake faɗuwa da shi wuri biyu ne. Na farko ƙasar kanta. Idan yumɓu ya yi yawa bulon zai tsattsage, idan yashi ya yi yawa zai marmashe, baƙar ƙasar noma kuma ba ta yi sam. Ka zuba ƙasar a kwalba da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, yumɓu a sama, kuma ana son yashin ya rinjaya sosai. Na biyu gaggawa. Bulon yana buƙatar a rufe shi da leda a riƙa ba shi ruwa, ya yi mako 3 zuwa 4 kafin a ɗora. Ka nemi mai bugawa ya jiƙa ɗaya a bokiti ya kwana a gabanka, ka kuma je ka ga gidan da ya yi wanda ya sha damina biyu ko uku. Idan a garinku babu maginin da ya taɓa aikin, ka lissafa kuɗin ɗauko shi daga wani gari, domin birkilan da ya saba ɓoye karkata da filasta zai ɓata maka bango.

Ko wanne ka zaɓa, harsashi da rufi ba wurin tsumulmula ba ne. Ka fito da harsashi na dutse ko bulon siminti har ya ɗara ƙasa da aƙalla taku ɗaya da rabi, a shimfiɗa leda mai hana danshi, sannan bango ya hau. Rufin ya zarce bango da kusan taku biyu don feshin ruwa. Azara gara ba ta cin ta, amma giginyar da ake yin ta da ita tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, kuma an rage ta ƙwarai, don haka mai kyau ta yi tsada. Katakon da aka yi wa maganin gara ko ƙarfe ya fi samuwa. Kwano mai haske ya fi baƙi ko ruwan ƙasa mayar da zafi, komai kyan da masu duhun ke yi a ido. Ka sa sili, ka bar kafar iska a tsakaninsa da kwanon, kuma ka guji tsohon silin asbestos ko da kyauta aka ba ka, domin ƙurarsa tana jawo cutar huhu.

Ga mai gini a cikin gari, a fili marar kwanciyar ruwa, shawarata ita ce harsashin siminti, bangon matsattsen bulo, banɗaki da kicin kuma a yi musu filasta da tayil ta ciki. Mai gini a ƙauye da ke da ƙasa mai kyau a bayan gida da hannun da za su yi yaɓe, tubali a kan harsashin dutse ya ishe shi. Wanda filinsa ke cikin kwari ya tsaya a kan bulon siminti, amma ya sayi simintinsa da yashinsa, ya sa a buga a gabansa, yana ƙirga bulo nawa kowane buhu ya fitar.