Manhajar sayen hannun jari da naira dubu gomana ta wata-wata

Mahaifina, Allah ya jiƙan sa, yana da takardar hannun jarin kamfanin siminti na Ashaka, a naɗe cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe, tare da takardun gona. A zamaninsu sai an bi dillali, an cike takardu, sannan a zauna jiran wasiƙar rabon riba ta gidan waya, wadda wani lokaci sai ta kwana biyu a hanya. Shi ya sa a watan Disamban 2021, da MTN ta fitar da hannun jarinta ga jama'a a kan naira 169 kowane ɗaya, mafi ƙaranci guda 20, aka ce kuma daga waya ake saye, abin ya ba ni sha'awa ƙwarai. Na sayi guda 20 ɗin ina zaune a kan tabarma a ƙofar gidanmu a Pantami. Tun daga nan abin ya shiga raina.

Manhajar da zan yi magana a kanta daban ce, kuma ba zan kama sunanta ba. Na shekara biyu da 'yan watanni ina amfani da ita. Ni malamin makaranta ne a nan Gombe, abin da nake iya warewa daga albashi bai wuce naira 10,000 a wata ba, wani watan ma idan hidima ta taso ba na samu. Don haka duk abin da zan faɗa, na mai ƙaramin ƙarfi ne. Mai zuba miliyoyi wataƙila labarinsa daban.

A ba ta haƙƙinta tukuna. Rajista ba ta ɗauke ni minti ashirin ba: BVN, NIN, hoton fuska, shi ke nan. Tana da rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari, na shiga shafin hukumar da kaina na tabbatar, domin wanda ya ga yadda MMM ta daskarar da kuɗin mutane a ƙarshen 2016, ya kuma ga yadda CBEX, wata kafar zuba kuɗi ta intanet, ta rufe da kuɗin jama'a a 2025, ba sai an ce masa ya yi hattara ba. Ta buɗe min lambar CSCS da sunana, wato hannun jarin yana rubuce a wurin ajiya na kasuwar hannun jari ta Najeriya, ba a aljihun masu manhajar ba. Tana kuma ware kamfanonin da suka dace da shari'a a shafi guda, abin da ya hutar da ni tambaye-tambaye kan na giya da na bankunan ruwa. Ko da sabis ya yi rauni tana buɗewa. Ban taɓa neman kuɗina an hana ni ba.

Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Da na fara, cajin da ake yi shi ne wanda dillalai suka saba yi: kamasho kashi 1.35 cikin ɗari, sai ɗan kason SEC, kuɗin kan sarki, da harajin VAT na kashi 7.5 a kan kamashon. A sayayyar dubu goma duka-duka bai kai naira 200 ba. Ban damu ba, ai ko dillalin akuya yana da la'adarsa. Sai wata rana na lura kuɗin da na bari a asusun yana raguwa alhali ban sayi komai ba. Da na bi diddigi, ashe an shigo da sababbin caji biyu: naira 200 na hidima a kan kowace sayayya ko sayarwa, da naira 300 duk wata wai na kula da asusu. Na yi musu magana ta wurin tuntuɓa. Na'ura ce ta fara amsa min da Turanci, sai washegari wata ma'aikaciya ta rubuto cikin ladabi cewa an sanar da kowa ta imel wata guda kafin a fara. Na duba, gaskiyarta, saƙon yana can cikin tarkacen tallace-tallace. Amma fisabilillahi, mutum nawa ne a Gombe ke buɗe imel kullum? Idan talla za su yi min, a fuskar wayata take faɗowa har da ƙara. Maganar ƙarin kuɗi ce aka ɓoye a imel.

Daren ranar na ɗauki biro na juya bayan littafin shirya darasi. Al'adata ita ce in raba dubu goman nan gida uku, in sayi kamfani uku, don an ce kada a tara ƙwai a kwando ɗaya, ko da yake ni na fi gane shi da manomi mai haɗa gero da wake a gona. Tura kuɗin daga bankina: kusan naira 27, da naira 50 ta gwamnati da ake cira a kan duk tiransifar da ta kai dubu goma. Kamasho da 'yan uwansa: wajen 185. Kuɗin hidima sau uku da harajinsa: 645. Kula da asusu: 300. Na haɗa na samu 1,207. Na sake haɗawa don ban yarda ba. Kashi 12 cikin ɗari ya tafi tun kafin hannun jarin ya motsa ko sama ko ƙasa, kuma ranar sayarwa akwai wani cajin yana jira, wanda ma ya ɗan fi na saye nauyi saboda kason kasuwar da na CSCS.

Sai na yi lissafin wanda ya zuba miliyan ɗaya a kamfanoni ukun nan. Shi ma 645 ɗin zai biya, shi ma 300 ɗin. Gaba ɗaya abin da zai fita daga hannunsa bai cika kashi 2 cikin ɗari ba. Wato cajin da aka yanka daidai wa daida ga kowa, a wurinsa kuɗin ruwan leda ne, a wurina kuwa ya fi kuɗin kabu-kabun zuwa makaranta na kwana biyu. Abin da ya fi ci min rai shi ne irinmu aka yi wa tallar tun farko, aka ce fara da naira dubu ɗaya. Yau wanda ya saka dubu ɗaya ya bar ta, cikin wata huɗu kuɗin kula da asusu ya lashe ta tas.

Matata na gefe tana ninke ɗinkin da ta gama, ta ga ina ta zane-zane ta ce, "Baban Ummi, lafiya? Sakamakon jarrabawa ne?" Na karanta mata lissafin. Ta yi dariya har da tafa hannu. "To mu mai karɓar adashinmu na kullum zubin kwana ɗaya take ɗauka a wata, kuma da ƙafarta take zuwa har gida, rana da damina. Naku na waya da ba ya taka ƙasa shi ne mai cin kashi goma sha biyu?" Na ce ai nata kuɗin ba ya haihuwa. Ta ce, "Naka ɗin me ya haifa?"

Tambayar ta zauna min, domin a watan ne ɗaya daga cikin kamfanonin da na sayi hannun jarinsu ya yi rabon riba. Kasona naira 1,500, aka cire harajin kashi 10 tun daga tushe, alat ya shigo da 1,350. Ribar shekara guda ke nan ta wannan kamfanin, ba ta biya kuɗin kula da asusu na wata biyar ba.

Ba na cewa masu manhajar ba su da uzuri. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta haura 1,500, kuma irin waɗannan kamfanoni da dala suke biyan hayar rumbunan kwamfuta da wasu kayan aikinsu. Man fetur ya tashi, hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, ma'aikatansu ma cin abinci suke. Kamashon naira 135 ba zai riƙe kamfani ba, na sani. Amma da sun ga dama da sun yi cajin gwargwadon kuɗin mutum, ko su yafe na wata-wata ga wanda jarinsa bai kai wani adadi ba. Sun zaɓi hanyar da babban kwastoma ba zai ko ji ba. Ni a fahimtata sallama ce ake yi mana a hankali, ba tare da an furta ba.

Na kai kukana wurin wani ɗan ajinmu da ke sana'ar hatsi a Tudun Hatsi. Yana zaune a kan buhu yana sauraro, da na gama ya ce, "Malam, kai ma da neman wahala. Ka kawo kuɗin in saya maka masara da kaka, mu ajiye zuwa bazara." Na tuna masa yadda farashin masara ya karye a 2025, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ban da kuɗin sito da maganin ƙwari. Ya sosa ƙeya ya ce wannan kuma ƙaddara ce. Muka yi dariya, ya sa aka kawo mana shayi. Ban ba shi kuɗin ba, ko da yake har yanzu maganar ba ta fita raina gaba ɗaya ba.

Abin da na koma yi shi ne tara kuɗin wata uku a asusuna na banki, idan ya kai 30,000 in tura sau ɗaya in sayi kamfani ɗaya, zagaye na gaba in sayi wani. Da haka kuɗin hidima ya dawo 215 a wata uku maimakon kusan dubu biyu. Na 300 ɗin nan dai ba makawa, yana nan yana ɗiga. Duk da dabarar, cajin yana kusan kashi 6 cikin ɗari, ninki uku na abin da mai miliyan ke biya. Wani ɓangare na ajiyar kuma na karkatar da shi ga Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari da ba ta da kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Da naira 10,000 ake iya shiga, ana biyan mai jari ribarsa da sunan kuɗin haya sau biyu a shekara, sai dai ba kullum ake buɗe shi ba, sai an sa kunne.

Idan kana da dubu ɗari biyu zuwa sama da za ka zuba lokaci guda ka manta da su, manhajar nan za ta yi maka, ba ni da haufi. Idan irina ne kai, mai dubu biyar ko goma a ƙarshen wata, kafin ka danna komai ka nemi shafin caje-cajensu, ka kwafe shi a takarda, ka lissafa da ainihin kuɗin da kake sakawa, saye da sayarwa duka. Ka kuma tambaye su ko lambar CSCS ɗin da sunanka za ta fito, don da ita ce za ka iya ɗauke hannun jarinka zuwa wani dillali ba tare da ka sayar ba. Ni na riga na karɓi fom ɗin sauya dillalin, na cike, saura hoto. Abin da ya tsayar da ni shi ne na rubuta musu ina tambayar nawa za su caje ni na fita, yau kwana tara ke nan ba amsa.