Tankin murjani a Damagaram: abin da za ka saya in ba ka sa hita ba

Duk baƙon da ya shigo gidana a Birni ya ga murjani mai rai, wato halittar nan ta teku, cikin tankin gilashi, sai ya tambaya ina hita, na'urar ɗumama ruwa. Ba ni da ita. Mu nan, inda Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, zafi ne ke cin dukiyar mutum. Murjani na son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, kuma ba ya jure hawa da sauka. In ruwa ya daɗe a wajen 30, sai ya kori ƴan mitsi-mitsin tsirran da ke cikin jikinsa suna ciyar da shi, ya koma fari fat.

Ni dai fanka na zaɓa, kuma ita nake ba kowa shawara. Ƙaramar fanka mai bolt 12, a kafa ta a bakin tanki tana hura fuskar ruwa. Aikin randa ne sak: ruwa na tashi, sauran na yin sanyi. Lita ɗaya in ta tashi daga tanki mai lita 300, tana tafiya da zafin da ya kai kusan digiri 2. Busasshiyar iskarmu, wadda ke fasa leɓe, ita ce ribarmu a nan, domin mutumin Kwatano ba zai samu abin da muke samu daga fanka ba. Ga shi tana aiki da ƙaramin batir da sola, ko wuta ta ɗauke da tsakar rana ba ka tashi hankalinka ba. Ka haɗa ta da ƴar na'urar nan mai kunnawa da kashewa bisa zafin ruwa, ka saita ta kunna a 26 da rabi.

Sai dai fanka na da hakkinta. Ruwa ke tashi, gishiri na nan, don haka kullum sai ka cike gurbi da tataccen ruwa marar gishiri, ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025. Da damina kuma ƙarfinta na raguwa saboda laima, amma lokacin garin ma ya ɗan sassauta.

Kuma fanka ba ta yi ita kaɗai. Tankina yana ɗakin soro na ciki, mai kaurin bango, inda rana ba ta leƙawa. Ginin laka na kakanninmu yana riƙe sanyin dare har azahar. In za ka sayi tanki, sayi babba gwargwadon aljihunka. Ruwa mai yawa ba ya saurin canza hali. Da hunturu, watan Disamba da Janairu, nakan kashe fanka, in rufe saman tankin, in naɗe gefensa da farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin firijo, in ɗora bargo. Ɗumin famfo da fitila ya ishe shi kai wa safe, murfin kuma na tare ƙura.

Na'urar sanyaya ruwa mai kwamfureso, wato injin sanyi irin na firijo, tana aiki, in kana da kuɗinta da wutar da ba ta yankewa. Sanyaya ɗaki gaba ɗaya dare da rana, takardar kuɗin wuta za ta ba ka amsa. Gorar ƙanƙara kuwa ta ranar gaggawa ce kawai.

Yanzu ga inda aka cuce ni, kuma ina roƙon ku saurara. Wani mai kawo kaya ya sayar mini da wani ɗan akwati, ya ce, “Alhaji, wannan zai riƙe maka lita 300.” Babu kwamfureso a ciki, farantin Peltier ne, wani ɗan faranti mai yin sanyi da lantarki, da ƴar fanka, irin wanda ƙaramin tanki kaɗai yake iya wa. Ya haɗa mini da ma'aunin zafi na kyauta, wanda ke nuna 26 alhali ruwa ya wuce 30. Kwana tara na yi ina kallon lambar nan hankalina kwance. Ranar da na tsoma hannu na ji ɗumi kamar ruwan alwala da hunturu, murjanina mai rassa ya riga ya yi fari. Har yau in na tuna, raina na ɓaci.

Saboda haka ka ɗaga na'ura ka ji nauyinta. Mai kwamfureso ba ta ɗaguwa da yatsa biyu. Ka sa a kunna ta a gabanka, ka ji ƙararta irin ta firijo. Kada ka yarda da hoton Facebook ko rubutun jikin kwali. Ma'aunin da ake mannawa a bayan gilashi, zafin ɗaki yake ɗauka tare da na ruwa, bar shi a shago. Sayi guda biyu masu shiga cikin ruwa, daga wurin mutum biyu daban, ka tsoma su cikin kofin ruwa cike da farfasasshiyar ƙanƙara. Wanda bai sauka kusa da sifiri ba, mayar wa mai shi tun kafin ya ce bai san ka ba.