Tsohon kiɗa ko sabon kiɗa: wanne ya fi sauƙin izini?

Wani ƙanenmu a Daura yana son sake rera waƙar marigayi Mamman Shata ya sa a YouTube da Audiomack. Tambayarsa: ya ɗora muryarsa a kan kalangun da ke cikin tsohon kaset, ko ya kai makaɗa sutudiyo su buga sabo?

Ƙanena, kaset ɗin da ke hannunka haƙƙi biyu ke cikinsa. Akwai na waƙar kanta, wato baitoci da karin murya, akwai kuma na ɗaukar sautin. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ba kowanne nasa wa'adi. Waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Shata ya rasu a 1999, don haka haƙƙin waƙoƙinsa na nan har ƙarshen 2069, kuma ana gadonsa kamar yadda ake gadon dukiya. Ɗaukar sauti kuwa shekara 50 ce daga fitowarta.

In ka ɗauki hanyar tsohon kaset, ƙofa biyu za ka ƙwanƙwasa: ta magada, da ta wanda ya ɗauki sautin. Ta biyun ce mai wuya. Wani faifan kamfani ne ya ɗauka, wani gidan rediyo, wani kuma a wurin biki aka naɗe shi, ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Kafin ka gano mai shi da shekarar da ya fito, ka sha wahala. Kuma na'urar YouTube mai gane sauti ta fi saurin cafke ainihin faifai. In mai shi ya yi rajista, ko a toshe bidiyonka ko kuɗin talla su koma aljihunsa.

In ka buga sabon kiɗa, wancan nauyin ya sauka, sabuwar ɗaukar ma taku ce kai da furodusanka, gwargwadon yadda kuka yi yarjejeniya. Saura magada. Ni wannan hanyar nake ba ka shawara, kuma makaɗan kalangu na yau ma za su samu abin cefane.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa ai sun rubuta sunan marigayi a ƙasan bidiyo. Ambaton suna wajibi ne, amma bai zama izini ba. Haka nan in za ka sauya baitoci ka sa kirarin wani maigida naka, wannan sarrafa waƙa ne, a ambace shi ƙarara cikin iznin.

Ka nemi wanda iyalan suka wakilta, ku rubuta takarda: wace waƙa, sauti kaɗai ko har da bidiyo, a waɗanne manhajoji, tsawon wane lokaci, kaso nawa za a riƙa ba su. Ka tuntuɓi MCSN, ƙungiyar da Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta amince ta karɓar wa mawaƙa kuɗi, ka ji ko waƙar na cikin waɗanda take kula da su. Duk wannan a gama shi kafin ka biya kuɗin sutudiyo.