Labanda, kamomil ko ashwaganda: wanne ya cancanci kuɗinka?

Mai fama da fargaba da faɗuwar gaba a Zariya ba ya rasa mai ba shi shawara. Wannan ya ce turaren furen labanda, wancan ya ce shayin kamomil, 'yar talla a WhatsApp kuma ta rantse da ashwaganda, saiwar wani tsiro na maganin gargajiyar Indiya. Kafin ka nufi kemis a Sabon Gari ko Samaru, ga yadda na auna su.

Labanda ce ta fi hujja, amma a nan aka fi yin kitso da ƙwarƙwata, domin suna ɗaya ne a kan kaya iri biyu: man ƙamshi na shaƙa da kafso na haɗiya. Sinadarin da ke aikin sunansa linalol. A 2018 masu bincike a Jami'ar Kagoshima ta Japan sun shaƙa wa ɓeraye ƙamshinsa, sai tsoronsu ya ragu. Waɗanda aka kashe musu jin ƙamshi kuwa ko gezau. Wato ta hanci saƙon ke bi ya taɓa tsarin GABA, birkin ƙwaƙwalwa, inda Valium, ƙwayar kwantar da hankali ta asibiti, ma ke aiki. Sai dai ɓera ba mutum ba ne. Wanda aka gwada sosai a kan mutane shi ne kafso na man labanda da ake yi a Jamus, Silexan, miligiram 80 sau ɗaya a rana. Shi yana rage kwararar kalsiyam cikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai su daina yawan zabura. Yakan ɗauki makonni kafin a ji bambanci, ba a kuma gan shi da kama jiki irin na Valium ba. Aibinsa gyatsa: kana zaune a majalisa sai ƙamshin fure ya taso maka daga ciki.

Ƙaramar kwalbar man ƙamshi kuwa ta shaƙa ce. Kada a sha.

Kamomil ya fi araha. Yana da apijenin, wanda ke maƙalewa a mazaunin da Valium ke kamawa, amma da rauni. Gwajin da Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka ta yi wa kamomil a 2009 da tataccen kafso aka yi shi, ba da buhun shayi guda a kofi ba. Ka ɗauke shi abin sha bayan isha'i, shi ke nan.

Ashwaganda ce nake ɗari-ɗari da ita. Tana iya sauke kotisol, sinadarin da jiki ke saki in an shiga matsi, amma an samu waɗanda ta taɓa musu hanta, tana kuma motsa tayroid, ƙwayar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Mai juna biyu ta nisance ta.

Ko wanne ka ɗauka, juya kwalin ka duba lambar NAFDAC, ranar lalacewa da adadin miligiram. In kana shan maganin barci ko na farfaɗiya, gaya wa mai kemis tukuna. In kuwa fargabar ta kai ga hana ka barci ko fita aiki, kuɗin nan ka yi na mota da shi zuwa asibitin koyarwa na Shika.