Tiyatar ƙullutun wuyan hannu ta ƙananan huji: ƙullutu ya tafi, amma Sallah ta wuce ni

Shekara biyu na yi ina fama da wani ƙullutu a bayan wuyan hannuna na dama, wanda girmansa bai wuce ƙwallon dabino ba, amma ya hana ni dafa ƙasa yadda ya kamata a sujada, kuma riƙe almakashi ya zame mini aiki, alhali ɗinki ne sana'ata. Sau biyu ana zuƙe shi da sirinji, wani ruwa mai kauri da yauƙi yana fita, kuma sau biyun yana dawowa kafin wata uku, domin zuƙa ba ta taɓa tushensa.

Da na je wani asibitin kuɗi a Abuja, likitan ƙashi ya ba ni shawarar a yi aikin ta ƙananan huji biyu, a zura siririyar kyamara ta ɗaya, kayan aiki ta ɗayan, a yanke tushen ƙullutun daga cikin gaɓar. A nan ba ni da abin cewa sai yabo. An kashe hannun da allura, na kwana a gida a ranar, kuma tabon da ya rage sai mutum ya ƙura ido kafin ya gan shi.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne abin da na tarar da na fito. An ce mini bandeji kawai za a naɗa, in koma kan keken ɗinki bayan mako biyu, shi ya sa na karɓi ɗinkin Sallah ba tare da fargaba ba. Sai ga hannuna a ɗaure da abin tallafi tun daga tafi har kusa da gwiwar hannu, aka ce mako 6 zai yi a haka. Dalili kuwa, da kyamara ta shiga an ga jijiyar da ke haɗa biyu daga cikin ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu, wato sikafoyid da lunet, ta saki, har an ɗinke ta a jikin rigar gaɓar, wato tantanin da ya lulluɓe gaɓar. Daga baya na fahimci cewa yawancin irin wannan ƙullutu na bayan hannu daga jikin wannan jijiyar yake tsirowa. To, idan likita ya san haka, me ya hana shi gaya mini tun a ofis cewa akwai yiwuwar aikin ya zarce cire ƙullutu? Takardar amincewa da na sa wa hannu, ma'aikaciyar jinya ce ta miƙo mini ita a bakin ɗakin tiyata, babu wanda ya karanta mini ko layi ɗaya.

Gyaran jijiyar kansa na yarda daidai ne, don ciwon da nake ji in na dafa ƙasa ya ragu ƙwarai, kuma da zuƙar na ci gaba da yi, da babu mai ganin jijiyar ta saki. Sai dai duk lokacin da na tuna yadda na riƙa mayar wa mutane shaddodinsu ana saura kwana goma Sallah, ina ba da haƙuri kamar wanda ya ci amana, yabon nan sai ya koma ciki. Kuɗin gashin ƙashi ma ba ya cikin lissafin da aka ba ni da farko, sai da aka kwance hannun ya ƙi lanƙwasuwa sannan aka ambace shi.

Yau wata biyar ke nan, ƙullutun bai dawo ba, amma har yanzu yarona ne yake yanka mini yadi mai kauri.