Hilux mai 2.5 ko mai 3.0? Amsa ga Alhajin da ya yi tambaya

Alhaji, barka da war haka. Tun jiya na ga tambayarka, aiki ne ya sha kaina. Ka ce an nuna maka Hilux biyu masu shan gas, duka ƙirar Vigo, ɗaya mai 2.5 ɗaya mai 3.0, kuma aikinka jigilar taki da buhunan hatsi ne tsakanin Kano da gonarka ta wajen Ringim, wani lokaci ka leƙa Maraɗi. Kana son sanin wacce ta fi ƙarko, wacce kuma ba za ta mayar da kai ɗan gida a gareji ba. Mai 2.5 na riƙe ta shekaru, mai 3.0 kuwa ta wurin aikinmu ce, na tuƙa ta har na san halinta.

Injinan nan wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban, 1KD-FTV, ya fara fitowa a 2000 cikin Prado, cikinsa cc 2,982. Ƙaramin, 2KD-FTV, ya biyo baya a 2001 da cc 2,494. Kowanne silinda huɗu ne, bawul 16, da tabo (turbo, abin da ke cusa wa injin ƙarin iska), kuma su ne Toyota ke rubuta wa D-4D a jiki. Ma'anarsa famfo yana tara gas a bututu guda da matsi mai tsanani, bar 1,350 a na farko-farko, na baya ma sun wuce haka, sannan kwamfuta ce ke buɗe kowane nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, a lokacinsa. Ka riƙe wannan a ranka, don duk daɗinsu da duk ciwonsu daga nan suke.

Wajen ƙarfi babu gardama. Mai 3.0 a Hilux yana ba da ƙarfin doki 163, na baya 171, da ƙarfin ja Nm 343 tun injin bai ɗaga murya ba. Mai 2.5 kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan dillalai ke yi wa mutane rufa-rufa. Akwai marar intakula (abin da ke sanyaya iskar tabo kafin ta shiga injin), doki 102 da Nm 200 kacal. Akwai wani kuma, dokin dai 102 amma ja ya kai Nm 260. Daga baya an yi mai intakula mai doki 120, sai na ƙarshe mai 144 wanda ya kamo yayansa a Nm 343. Intakular Vigo a saman injin take zaune, shi ya sa za ka ga ɗan hancin nan a kan bonet. Amma kada hancin ya ruɗe ka, na sha ganin bonet mai hanci a kan injin da ba shi da komai a ƙasa. Ɗaga ka gani da idonka. Marar intakula in ka lafta masa buhuna ka zo wuce tirela a hanyar Katsina, sai ka sauko giya ta uku kana salati. Mai 3.0 taka shi kawai za ka yi, kuma ya fi laushi a hannu saboda yana da sanduna biyu a ciki masu kashe girgiza. Shan mai kuwa, ƙaramin ya fi tattali, sai dai in kullum a danne yake da kaya, bambancin ba ya taka kara ya karya.

To ina gizo ke saƙar? A wurare biyu babban ya fi ƙaramin rigima. Na farko tabo. Na 1KD yana da 'yan fukafukai a ciki da wani ɗan injin lantarki ke juyawa. In tokar hayaƙi ta taru ta riƙe su, sai mota ta mutu a ƙafa, fitila ta kama a dashbod, kuma ba gyaran gindin bishiya ba ne. Tsohon 2KD tabonsa mai sauƙi ne, ba wannan tarkacen, amma mai doki 144 irin na yayansa ne. Na biyu fistin. An san 1KD da tsagewar fistin, musamman waɗanda aka ƙera daga 2006 zuwa wajen 2014, kuma abin ya fi yawa a Prado da motocin da aka ƙara wa ƙarfi ta kwamfuta ko aka bar su da nozul mai tsiyaya. Farin hayaƙi, injin na ɗingishi da ƙafa uku, iska na busowa ta murfin baƙin mai, shi ke nan an shiga babban aiki. A 2KD ba kasafai ake jin wannan ba.

Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Akwai ciwon da suka gada tare, kuma shi ne ya fi kashe su. A ƙarƙashin kowane nozul akwai 'yar washa ta jan ƙarfe, ba ta kai tsohon kwabo faɗi ba. In ta saki, hayaƙin ƙonewa sai ya riƙa sulalewa ta gefen nozul ya haɗu da baƙin mai, ya daskare kamar kwalta. Ɓarɓashin ya gangara cikin kwanon mai na ƙasa, ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Mota na tafiya lafiya lau, ba zato ba tsammani injin ya buga. Na taɓa tsayawa a kan bakanike ya sauke kwanon wata mai 3.0, ya ɗaga rariyar yana nuna wa rana: ko ɗigon haske bai ratsa ta ba, sai da ya sa tsinke yana ƙwaƙulo baƙin abu kamar ƙanzon tukunya. Mai motar bai taɓa fashin sabis ba, washar ce kawai ba wanda ya taɓa duba masa. Ni dai duk kilomita 40,000, lokacin duba bawul, sai an sa min sababbi na asali. Kada ka yarda a goge tsohuwa a mayar. Kuma in an canja nozul, kowanne yana da lambarsa da dole a shigar wa kwamfutar motar, don haka bakanikenka sai mai na'urar karanta kwamfutar mota.

Sai maganar gas, wadda ni ta taɓa cizona. Wata rana dare ya yi min a hanya, na sha na galan a hannun 'yan bumburutu. Ban yi nisa ba fitilar ruwa ta kama, mota ta fara shaƙewa. Da safe da aka kwance ƙasan filta, ruwa ne ya fara zuba cikin gora kafin gas, ga warin kananzir. Na yi sa'a abin ya tsaya a filta da ɗan bawul ɗin nan na jikin famfo da ake kira SCV. Gas shi ne man shafawar famfo da nozul, kananzir ba shi da wannan santsin, ruwa kuma tsatsa yake kawowa. A wannan fannin babu gwani tsakanin 2.5 da 3.0, duka ba su da haƙuri.

Taimin bel duka biyun a kilomita 150,000 ake canjawa, fitilar T-BELT na tunatarwa. Amma ana iya kashe fitilar ba a taɓa bel ba, mita kuma kowa ya san ana mayar da ita baya, don haka duk wacce ka saya ka canja shi a makon farko, har da abin ɗaure shi. In ya tsinke, bawul da fistin ne za su yi karo. Baƙin mai kusan lita 7 suke sha, kuma da irin ƙurarmu kada ya wuce kilomita 5,000. Filtar iska a lokacin hunturu ba ta jiran ranar sabis, kuma a daina buga ta a jikin taya. Lagireto a zuba masa ruwansa mai launi, ba na rijiya ba, kada kuma a cire tamostat da sunan wai ƙasarmu zafi gare ta. In ka taso daga doguwar tafiya, bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe, tabo ya huce.

In ni ne kai, Alhaji, mai 2.5 zan ɗauka, da sharaɗin yana da intakula. Hanyarka shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawan Jos ko Mambila ba, kuma kuskuren yaran gareji bai cika kai shi ƙasa da wuri kamar babban ba. In marar intakula ne, kaya kuma kullum sai sun cika baya, to gara mai 3.0 da aka tabbatar da lafiyarta. In kuwa ka san a ƙauye motar za ta riƙa kwana, direba ne zai riƙa shan mai inda ya ga dama, to ka manta da su duka, ka nemi mai injin 5L wanda ba tabo, ko mai fetur 2.7 da ta fi yawa a Najeriya, kayanta kuma ba wuya a Ƙofar Ruwa.

Kowacce za ka gani, ka je da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa injin ka ji da sanyi. Ka saurari tashin farko: ƙwanƙwasa mai kaifi da ba ta lafawa bayan ya ɗumama alamar nozul ce. Ka buɗe murfin baƙin mai injin na aiki ka ɗora shi sako-sako a bakin, in yana tsalle kamar murfin tukunyar da ta tafasa, ka yi sallama. A jona na'ura a karanta yadda nozul huɗun ke raba mai. Sannan ka ce a zubar da baƙin mai a leƙa rariyar nan, kuɗin sabon man kai za ka biya. In mai motar ya ƙi, turo min hoton injin ɗayar mu duba.