Yashica Mat-124G: kyamarar da ke sa mai hoto ya sunkuyar da kai

Duk mai neman kyamarar da za ta yi masa komai, daga ɗaurin aure har wasan ƙwallo, kada ya ɓata kuɗinsa a kan Yashica Mat-124G. Abu guda ta iya, amma ta iya shi fiye da duk wata kyamarar da na taɓa riƙewa: ɗaukar mutum a tsaye ko a zaune, cikin natsuwarsa, da kayansa na ado a jiki. Tawa ta hannu ce, don sabuwa ba ta nan. Kamfanin Yashica na Japan ya fara ƙera wannan samfurin a 1970, ya daina a 1986. Na yi rani da damina da ita a Kano, na kuma ga hunturu, saboda haka ina da ta cewa.

Baƙar akwati ce a tsaye, nauyinta ya ɗan haura kilo guda, tana da ido biyu a gaba, ɗaya bisa ɗaya. Na sama na leƙe ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Ba Yashica ce ta ƙirƙiro wannan fasali ba. Rolleiflex ta kwaikwaya, wadda Franke da Heidecke suka fito da ita a garin Braunschweig na Jamus a 1929, kuma kwaikwayon bai ɓoyu ba: hannun naɗe fim a dama, abin saita gani a hagu, sai ƙananan wili biyu a tsakanin idanun, ɗaya na faɗin ƙofar haske, ɗaya na saurin ƙiftawa. Lambobin da ka zaɓa suna bayyana a wata 'yar taga a sama, don haka ba sai ka juyo kyamarar ka duba ba. Wannan tsarin ya burge ni tun ranar farko: kanka na ƙasa, manyan yatsunka biyu na kan wili, komai na gabanka.

Asirinta yana ga fim ɗin da take ci, wanda ake kira 120. Kodak ce ta fito da shi a 1901 don wata 'yar kyamara mai araha, Brownie mai lamba 2, kuma har yau ana yin sa. Faɗinsa ya kai kusan santimita 6, yana naɗe da takarda a bayansa, babu ramukan gefe irin na ƙaramin fim mai milimita 35 da aka saba gani a wurin masu hoton biki. A wannan kyamarar kowane hoto murabba'i ne, milimita 56 tsawo da faɗi, alhali na ƙaramin fim 24 ne da 36. In aka yi lissafi, filin ya ninka wancan sau uku da rabi har da ɗoriya. Ladan wannan fili kuwa, hoto 12 kacal ke cikin naɗi guda.

Lissafi daban, gani da ido daban. Na ɗauki wani dattijo sanye da babbar riga mai aska takwas, a inuwar zaure da hantsi. Da aka wanke fim ɗin aka buga shi babba, ana iya bin zaren aikin ɗaya bayan ɗaya, ana ganin inda allura ta shiga da inda ta fito, ga ƙyallin shaddar bai ƙone ya zama fari fat ba, ga fuskar mutumin da launinta na gaskiya. Wannan shi ne inda wayar hannu ke yawan ba ni haushi: baƙin mutum cikin farar riga, ko dai rigar ta wanke ko fuskar ta dushe, in kuma wayar ta ce za ta gyara, sai ta goge masa fata ta mayar da shi wani daban. Fim yana da haƙuri da haske mai yawa. Ka auna hasken fuska kawai, rigar za ta riƙe kanta. Idon Yashinon mai milimita 80 da ke jikinta yana da kaifi sosai in an ɗan tsuke ƙofar zuwa 8 ko 11. In an buɗe ta duka a 3.5, gefuna sukan ɗan yi laushi, bayan mutum ya narke a hankali, abin da ni ba na ƙi a hoton fuska.

Amma ba kaifi ne ya sa na kasa ajiye ta ba. Yadda ake riƙe ta ne. Ba a kai ta ido. A ciki ko ƙirji ake rataye ta, a buɗe murfin sama, a sunkuya a leƙa wani gilashi mai faɗin tafin hannu inda hoton ke yawo da launinsa. Ke nan duk lokacin da kake saiti, kanka na ƙasa, ba ka ƙura wa kowa ido ba. A wurinmu da yaro ba ya zuba wa babba ido, suruki ba ya haɗa ido da surukarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka ɗaga baƙar kyamara mai dogon hanci ka auna fuskar tsohuwa, nan take za ta ja mayafi ko ta ɗaure fuska. Da wannan kuwa, sai ta ga yaro ya rusuna yana duba wani abu a hannunsa, ta ci gaba da zancenta. Ƙarar ƙiftawar ma ba ta fi ta ƙwayar carbi in ta faɗa kan 'yar'uwarta ba, saboda ganyayen ƙarfe ne ƙanana ke buɗewa su rufe a cikin idon, babu madubin da ke tsalle. Sau da yawa sai an tambaye ni, "To, ɗan nan, ba ka ɗauka ba ne?" in ce, "Ai na gama, Iya."

Akwai kuma abin da tsayin kyamarar ke yi wa hoton kansa. Tunda daga ciki take kallo, wanda ke tsaye yakan fito da kwarjini, kafaɗa a buɗe, kai a sama kaɗan, wanda ke zaune a tabarma kuma kana daidai da fuskarsa ba tare da ka durƙusa ba. Wanda ya taɓa duba tsofaffin hotunan iyayenmu, masu kusurwa huɗu daidai, baƙi da fari, da farin baki kewaye, ya san kwarjinin da nake nufi. Situdiyoyin Afirka ta Yamma sun sha aiki da irin waɗannan kyamarori. Sanlé Sory ya buɗe Volta Photo a Bobo-Dioulasso a 1960, da Rolleiflex ya riƙa ɗaukar samarin garin da baburansu da rediyoyinsu. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba lambar yabo ta Zakin Zinariya a baje kolin Venice a 2007, yawancin hotunan situdiyonsa da aka sani murabba'ai ne. A marinar Ƙofar Mata wani tsoho ya tsayar da ni, ya ce, "Malam, ba ni in gani. Irin wannan aka ɗauke ni da ita ranar angwancina." Ya leƙa gilashin ya daɗe bai miƙo mini ba.

To, ga inda take gajiyar da mutum. Hoton da ke gilashin leƙe a juye yake, dama ta koma hagu. In abu ya nufi dama, hannunka zai so ya bi shi hagu. Ga mutumin da ke tsaye ba komai, ana sabawa. Amma na kai ta Hawan Daushe, dawaki na sukuwa, ƙura ta tashi, jama'a na turereniya, a nan ba ta da wani amfani. Akwai wata 'yar taga a murfin da ake turawa a leƙa kai tsaye don abu mai gudu, sai dai ta nan ba a ganin saiti, sai an riga an ƙiyasta nisa. Mahayi na tsaye yana jiran a tashi, da lifidi ko alkyabba, wannan nata ne. Sukuwa kuwa a bar wa kyamarar zamani.

Idon ɗauka ɗaya gare ta, ba a cirewa, ba a janyo nesa kusa. Ba ta saita abin da bai kai nisan mita guda ba, don haka mai son cika hoto da zanen lalle a tafin amarya sai ya nemi ƙarin gilashin da ake maƙala mata. Ko a mita gudan ma sai an kula, domin idon leƙe yana sama da na ɗauka, abin da ka gani ya ɗan bambanta da abin da fim ya samu. In ba ka bar sarari a sama ba, hula za ta guntule. Ba ta kuma son rana ta haska mata ido kai tsaye, hoton yakan yi hazo, saboda haka 'yar rumfar ido wajibi ce, ba ado ba.

Ma'aunin hasken da ke goshinta an yi shi ne don batirin makuri mai ƙarfin volt 1.35, wanda aka daina sayarwa saboda gubarsa. Wasu na saka batirin na'urar taimaka wa ji a madadinsa. Ni ban damu ba, tunda sauran kyamarar duk ba ta buƙatar batiri: nakan auna da waya, ko in bi tsohuwar ƙa'ida, wato a rana tsaka ƙofa a 16, sauri kuma daidai da lambar fim, wadda ke nuna ƙarfinsa na kama haske. A nan ne ranarmu ke nuna hali. Iyakar saurinta 1/500 na daƙiƙa, don haka in ka loda fim mai lamba 400 irin Ilford HP5 ko Kodak Portra ka fita da azahar, ka riga ka ƙure ta, ba ka da damar buɗe ƙofa don bayan mutum ya narke. A Kano fim mai lamba 100 ya fi dacewa da waje, mai 400 kuma a bar shi don zaure, rumfar kasuwa da bayan la'asar. Gargaɗi guda da duk masu gyaranta ke yi: kada a ja abin ɗaukar kai, wato mai jinkirta ƙiftawa don mai hoto ya shiga ciki, alhali maɓallin filasha yana kan M, yana iya cije ƙiftawar. A bar shi a X a manta da shi.

Babbar wahalar ba a jikin kyamarar take ba. Fim 120 ba abin da za ka shiga kanti ka saya ba ne a nan, sai sautu daga Legas ko daga waje, kuma da dala ake lissafinsa. Mai kawo maka ta jirgi ya roƙi a duba shi da hannu, domin sababbin na'urorin binciken kaya na filayen jirgi suna lalata shi. In ya iso, zafi abokin gabarsa ne. A firiji yake kwana cikin leda, a fito da shi ya huce kafin a buɗe. Masu wankin hoton da suka rage yawanci sun koma bugawa daga waya, shi ya sa nake wanke baƙi da fari da kaina. Maganin wankin yana son ruwa mai awo 20 a ma'aunin Celsius, ruwan randarmu kuwa a watan Afrilu ya wuce haka nesa, sai da ƙanƙara. Abin dariya, fim mai launi awo 38 yake so, wanda ya fi kusa da yanayinmu, sai dai maganinsa ya fi wuyar samu. Da hunturu kuma shanya ce matsala: jiƙaƙƙen fim yana kama duk ƙurar da ta gifta, sai a banɗaki nake rataye shi bayan na zuba ruwan zafi tururi ya kwantar da ita, in rufe ƙofa. Da damina kada a bar kyamarar cikin jakarta ta fata, danshi na sa fumfuna ta yi saƙa a cikin gilashi.

Na ɗan riƙe Mamiya RB67 ta wani abokina, wadda ta fito a 1970 ita ma. Hotonta ya fi girma, 6 da 7, guda 10 a naɗi, ana canja mata ido, bayanta na juyawa tsaye ko kwance. Amma ta haura kilo biyu da rabi, kayan situdiyo ce, sai da ƙafa uku, kuma ƙararta kaɗai ta isa ta sa yaro ya zabura. Hasselblad kuwa, wadda samfurinta 500C ya fito a 1957 kuma 'yan sama jannatin Amurka suka je wata da 'yan'uwanta a 1969, sunanta ma kuɗi ne. Ga mai son ɗanɗana babban fim ba tare da ya sayar da fili ba, Yashica ce mashiga, ko da yake ita ma farashinta ya tashi tun da matasa suka koma wa fim.

Wanda ya yi niyyar saye, ya buɗe bayanta, ya sa saurin a B, ya danna ya riƙe don idon ya zauna a buɗe, ya haska tocila ta cikin idon ƙasa ya duba hazo ko fumfuna. Ya sa ta a daƙiƙa guda ya saurara, in ta ja ta tsaya a hanya, tsohon mai ya daskare, sai mai gyara. Ya juya hannun naɗewa ya ji ko yana tafiya sumul, ya taɓa soson da ke bakin murfi ko ya narke yana manne wa yatsa. Sannan ya nemi a bar shi ya ɗauki naɗi guda ya wanke kafin ya cika kuɗi, don a nan ne kaɗai ake ganin ko hotuna na hawa kan juna ko haske na satar shiga. In mai kaya ya ƙi, a bar masa abarsa.